Ajiyar Matafiyi: Hukuncin Buɗe Asusun Banki A Gida Ga Ɗan Birnin Gwari Mazaunin Ƙasar Waje

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa domin bayinSa su yi tafiya a cikinta su nemi arzikinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka laƙaba wa Al-Amin tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata mas'ala da ta yawaita a bakin jama'a, musamman 'yan'uwanmu na ƙasar Birnin Gwari da neman abinci ko neman ilmi ya kai su nesa da gida. Wasu suna Makka da Jidda da Madina, wasu suna zangon Kumasi, wasu suna Libiya, wasu sun bi haƙar zinariya zuwa Nijar da Mali, wasu kuwa ɗalibai ne a Azhar ta Masar. Tambayar ita ce: shin ya halatta mutum yana zaune a wata ƙasa ya buɗe asusu da sunansa a bankin gida Nijeriya, alhali an san bankuna da mu'amala da riba? Ko kuwa ya fi masa kyau ya ci gaba da ba mahajjata saƙo, ko ya riƙa zuba abin da ya samu a asusun ƙanensa?

Amsarmu a taƙaice ita ce ya halatta. Ga wanda iyalinsa ke zaune a wuri irin Birnin Gwari kuwa, shi ne ma abin da ya fi kusa da manufar Shari'a ta tsare rai da dukiya, muddin an kiyaye sharuɗɗan da za mu bayyana. Amma tun da ba a yanke hukunci a kan abu sai an san yadda yake, bari mu fara da ƙasar da hanyarta.

Hanya Da Daji

Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. Tsakaninta da garin Kaduna tafiyar kimanin kilomita 120 ce, a kan tsohuwar hanyar da manyan motoci ke bi zuwa Tegina da Jebba har Ikko. Ƙasa ce mai albarkar noma, ta masara da dawa, ga zinariya a cikinta, ga kuma dajin Kamuku wanda aka keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Dajin nan ya haɗe da na Kuyambana a Zamfara.

Wannan daji da ya kamata ya zama arziki, shi ne ɓarayi suka mayar mafaka. A watan Oktoba na 2012 'yan bindiga suka auka wa Dogon Dawa da asuba, suka kashe fiye da mutum 20, cikinsu har da masu fitowa daga masallaci. A watan Mayu na 2018 aka yi wa Gwaska irin wannan ta'asa, aka rasa fiye da mutum 40. Shekara da shekaru matafiyi ba ya hawa wannan hanya sai ya yi sallama da iyalinsa irin ta wanda ba shi da tabbacin komowa. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu sassa, har da Birnin Gwari, don a toshe wa ɓarayin hanyar sadarwa. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin aka yi zaman sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara wadda ta yi shekaru a rufe. Muna roƙon Allah Ya zaunar da ƙasar lafiya. Sai dai wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, kuma mai hankali ba ya ɗora wa ɗan'uwansa jakar kuɗi ya ce ya ratsa daji da ita alhali akwai wata hanya.

Abin Da Magabata Suka Ce Game Da Suftaja

Kada mai karatu ya zaci wannan matsala sabuwa ce. Fatakenmu na dā masu zuwa Gwanja sayen goro sun san ta, haka ma attajiran Bagadaza da Basra. Malaman fiƙihu sun yi magana a kan wata mu'amala da ake kira suftaja, kalma ce mai asali daga Farisanci. Ma'anarta mutum ya ba wani kuɗi a wannan gari, shi kuma ya rubuta masa takarda zuwa ga wakilinsa a wani gari, a biya shi can, don ya tsira daga haɗarin hanya.

An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Zubairu yakan karɓi dirhami a hannun mutane a Makka, ya rubuta wa ɗan'uwansa Mus'abu a Iraƙi ya biya su, kuma da aka tambayi Abdullahi ɗan Abbas bai ga laifin haka ba. Daga baya Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun tafi a kan halaccinta, suna kafa hujja da cewa amfanin na ɓangarorin biyu ne, ba wanda aka cuta.

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun fi tsanantawa, domin suna ganin rance ne da ya jawo wa mai bayarwa amfani, watau tsaron hanya, kuma ƙa'ida ce a wurinsu cewa rance ba ya jawo amfani. Duk da haka Shaihu Halil, a cikin Muhtasar ɗinsa da ake karantawa a zaurukanmu, ya togace hali guda: idan tsoro ya game hanyoyi. Masu sharhi suka bayyana dalili, suka ce a irin wannan hali ana gabatar da maslahar tsare rai da dukiya. To, ya ɗan'uwa, in ba a kira abin da mutanen Kuyello da Randagi da Kakangi suka gani gamammen tsoro ba, me za a kira da wannan suna? Ashe ke nan ko a bisa ra'ayin da ya fi tsanani, aika kuɗi ta rubutu maimakon ɗaukarsu a jiki yana da madogara a littattafan da muka gada.

Hanyoyin Da Aka Saba Bi Da Illolinsu

Hanya ta farko ita ce saƙo. Mutum ya tara riyal na shekara guda, ya jira lokacin aikin Hajji ko Umra, ya damƙa wa wani ɗan garinsu. A Shari'a wannan wadi'a ce, watau ajiyar amana. Hukuncinta kuwa shi ne idan ta salwanta ba tare da sakacin mai riƙon ba, babu ramuwa a kansa. Idan ɓarayi suka tare mota suka ƙwace, gumin shekara ya tafi, kuma mai saƙo ba shi da ikon cewa a biya shi. Bugu da ƙari, dokar Nijeriya ta wajabta wa duk mai shigowa da abin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa ya bayyana wa jami'an kwastan, saboda haka wanda ya tattaro saƙon mutum ashirin ya yi shiru yana iya jefa kansa a cikin wahala saboda alherin da ya yi niyya.

Hanya ta biyu ita ce zuba kuɗi a asusun wa ko ƙane ko aboki. A nan ne zumunci ya fi lalacewa. Kuɗin da ke cikin asusun mutum, a zahirin hukunci nasa ne. Idan Allah Ya yi masa rasuwa, magadansa za su ƙidaya su a cikin abin da ya bari, kuma wanda ke Jidda shi ne mai da'awa, shi za a ce ya kawo shaidu. Ina shaidun, alhali kunya ta hana a rubuta komai? Idan kuma yana raye, ga buƙatun gida, ga rashin lafiya, ga taki, yau a taɓa kaɗan da niyyar mayarwa, gobe a ƙara. Ranar da mai kuɗi ya dawo ya ce a nuna masa filin da aka saya, sai a shiga kallon ƙasa. Sau da yawa wanda aka ba riƙon ba maha'inci ba ne, an dai ɗora masa kayan da ya fi ƙarfin wuyansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hanya ta uku ita ce ta 'yan canji, a ba wani riyal a can, abokin hulɗarsa a Wapa ta Kano ya biya naira a nan. Wannan ita ce ta fi kama da suftaja, kuma a cikin masu yinta akwai amintattu da suka shekara suna yi. Rauninta shi ne ta dogara ga mutum ɗaya da ƙaramin littafinsa. In ya karye ko ya mutu, ba hukumar da za a kai wa kuka, ban da cewa hukumomin ƙasashe da yawa suna hukunta mai aika kuɗi ba da lasisi ba.

Allah Maɗaukakin Sarki, a cikin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, Ya yi umurni da a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, a kuma kafa shaidu. Asusun da ke ɗauke da sunan mai shi, wanda ke rubuta kowace shiga da kowace fita da ranarta, yana cika wannan manufa fiye da duk hanyoyin nan uku.

Ajiya Ce Ko Bashi?

Ko da yake muna cewa mun kai ajiya banki, a fiƙihu abin da ke cikin asusun yau da kullum bashi ne. Dalili kuwa banki ba ya ƙulle takardun kuɗinka a akwati ya jira ka, yana juya su, kuma ya lamunce zai biya ka duk sa'ad da ka nema. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Abu Dabi a 1995. Wannan ma yana da asali. Buhari ya ruwaito cewa idan mutane suka kawo wa Zubairu ɗan Awwamu ajiya, yakan ƙi karɓa da sunan ajiya, ya ce a bar ta a matsayin rance a kansa, don yana tsoron kada ta salwanta. Da haka dukiyar ta zama lamuni a wuyansa, mai ita ya sami kwanciyar rai.

Abubuwa biyu ke fitowa daga wannan. Na ɗaya, banki ne ke da alhakin biya ko da an yi masa fashi. Na biyu, duk ƙarin da aka sharɗanta a kan wannan bashi riba ce. Ita wannan Majalisa ta yanke tun 1985 cewa kuɗin ruwan banki shi ne ribar da Allah Ya haramta a ƙarshen Suratul Baƙara. Amma ladan aiki da banki ke cira, kamar na aikawa da na katin cirar kuɗi, ijara ce a kan hidima sananniya, babu laifi a cikinta.

Ta fuskar doka kuma, Hukumar Inshorar Ajiya ta Nijeriya, NDIC, ta ɗaga abin da take lamunce wa kowane mai ajiya a bankin kasuwanci daga naira 500,000 zuwa naira miliyan 5 a 2024. A watan Yuni na wannan shekarar aka soke lasisin bankin Heritage, hukumar ta shiga biyan masu ajiya. Darasi a nan shi ne wanda Allah Ya buɗa wa, kada ya tara komai nasa a banki ɗaya. Annabi Yaƙubu ma, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, ya umurci 'ya'yansa su shiga birni ta ƙofofi dabam-dabam, tare da cewa ya dogara ga Allah.

Yadda Ake Buɗewa Daga Waje

Tun watan Fabrairu na 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda ake haɗawa da zanen yatsun mutum da hoton fuskarsa. A watan Disamba na 2023 kuma ya ba da umurnin a haɗa asusu da BVN ko lambar ɗan ƙasa ta NIN, manyan asusu kuwa da duka biyun. Wannan ya daɗe yana zame wa mazauna waje ƙarfen ƙafa, domin sai mutum ya zo gida, ko ya nemi ɗaya daga cikin 'yan cibiyoyin rajista da aka buɗe a wasu manyan biranen duniya.

A watan Janairu na 2025 Babban Banki ya sanar da asusu iri biyu domin 'yan Nijeriya mazauna waje. Na farko na hidimar yau da kullum ne: mutum ya turo abin da ya samu, ya bar shi a kuɗin waje ko a naira, ya ciyar da iyali, ya biya kuɗin makaranta da na asibiti. Na biyu na zuba jari ne a cikin ƙasa. A watan Mayu na 2025 kuma Gwamnan Babban Banki, Olayemi Cardoso, ya ƙaddamar da BVN ta mazauna waje, wadda ake nema ta intanet ba sai an zo gida ba. Abin da akan nema shi ne shaidar cewa mutum ɗan Nijeriya ne, kamar fasfo, da shaidar inda yake zaune, da shaidar sana'ar da yake samun kuɗin da ita.

A nan akwai wata gaskiya mai ɗaci. Da yawa daga 'yan'uwanmu a Saudiyya ba su da igama, watau takardar izinin zama, kuma bankunan can ba sa buɗe wa baƙo mazauni asusu sai da ita. Wanda ba shi da takarda ba ya iya ajiya a can, kuma zai sha wuya wajen kawo shaidar mazauni a nan. Shawararmu ga mai niyyar tafiya ita ce ya yi NIN da BVN, ya buɗe asusunsa tun yana gida, ya kuma shiga ƙasar mutane ta ƙofa, da takardu na gaskiya. Musulmi mai cika alkawari ne, biza kuwa alkawari ce.

Tarihi ya isa wa'azi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutane suka karyar da kayansu, wasu suka baro gidaje da shaguna. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum, aka kwaso ɗalibanmu ta Masar da Port Sudan da abin da hannu zai iya ɗauka. Baƙo ko ya shekara arba'in baƙo ne. Wanda ya ajiye wani abu da sunansa a gida, ya sami abin da zai dafa ranar da zama ya ƙare.

Wane Banki, Wane Asusu?

A dā malamai sukan yi sassauci saboda lalura, domin babu bankin da ba ya mu'amala da ruwa. Yanzu ƙofa ta buɗe. Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ruwa a 2011, zamanin Malam Sanusi Lamido Sanusi. Bankin Jaiz ya fara aiki a Janairu na 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano. TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, Alternative Bank a 2023. Wanda ya sami ikon buɗewa a irin waɗannan, shi ne ya fi. A cikinsu akwai asusun da ke bisa rance, ba ƙari ba ragi, akwai kuma na mudaraba, inda banki ke juya kuɗin a halattaccen ciniki a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, in an yi hasara kuma ba da sakacin banki ba ta faɗa kan dukiyar. Mai ajiya ya tambaya a gaya masa wanne ne ake buɗe masa kafin ya sa hannu.

Wanda hakan bai sauƙaƙa gare shi ba, ya buɗe asusun da ba a biyan ruwa a kansa a bankin da ya samu. Idan kuɗin ruwa suka shigo ba da nemansa ba, fatawar malamai da yawa na wannan zamani ita ce ya fitar da su ga matalauta ko wata maslaha ta jama'a, da niyyar tsarkake dukiyarsa, kada ya ci, kada kuma ya lissafa su a zakka. Mai son asusun jari ya lura, domin da yawa daga takardun bashin gwamnati na ruwa ne. Akwai sukuk, wanda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017 na naira biliyan 100 don gina hanyoyi.

Game da canji, ƙa'ida ita ce musayar kuɗi iri biyu, kamar riyal da naira, sai hannu da hannu. Majalisar Fiƙihu a zamanta na Jidda a 1990 ta bayyana cewa shigar da kuɗi a rubuce cikin asusun mutum yana tsayawa a matsayin karɓa, kuma ana yafe ɗan jinkirin da aikin banki ya saba ɗauka. Abin da bai halatta ba shi ne a yanke farashi yau a ce za a biya bayan wata guda. Mai ajiya ya kuma tuna cewa kafin Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Wanda ke tarin gina gida na shekaru, ya yi shawara da masana a kan kuɗin da zai bar ajiyarsa a ciki.

Zakka Ba Ta Faɗuwa Don Nisa

Kuɗin da ke banki, da yake mai su na iya cira duk lokacin da ya so, hukuncinsu ɗaya da na aljihu. Mutum zai haɗa abin da ke hannunsa a can da abin da ke asusunsa a nan. In sun kai nisabi, watau kimar dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, kuma shekarar Musulunci ta kewayo, sai ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Malamanmu sun faɗa a sarari cewa matafiyi yana fitar da zakkar abin da ke tare da shi da abin da ya bari a gida.

A ina za a raba? A Malikiyya zakkar tsabar kuɗi tana bin inda mai dukiya yake. Amma sun ce idan mutanen wani wuri sun fi tsananin buƙata, sai a kai mafi yawanta can. Duk wanda ya san yawan marayu da matan da aka kashe wa maza, da manoman da aka raba da gonakinsu a ƙasar Birnin Gwari, ya san inda wannan hukunci ya dosa. Asusun gida yana sauƙaƙa wannan ibada: daga inda kake ka tura wa mabuƙaci kai tsaye, ko ka wakilta amintacce ya raba.

Mutuwa Ba Ta Sallama

A takardar buɗe asusu akwai gurbin da ake rubuta makusancin da za a nema in wani abu ya faru. Mutane da yawa sun ɗauka wanda aka rubuta a nan shi ne mai gadon kuɗin. Wannan kuskure ne a doka da Shari'a. Shi wanda za a tuntuɓa ne kawai. Dukiyar ta magada ce bisa rabon da Allah Ya yi a Suratun Nisa'i, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai an kawo masa takardun kotu.

Babbar musiba ita ce mutum ya rasu a baƙon wuri ba wanda ya san yana da asusu. Bisa ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a Yuli na 2024, kuɗin da suka shekara 10 a asusun da ba a taɓawa ana mayar da su wani asusun amana a Babban Banki. Mai su ko magadansa suna da ikon nema, amma yaya marayu za su nemi abin da ba su san da shi ba? Hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim ya hori Musulmin da ke da abin yin wasiyya kada ya kwana biyu sai wasiyyarsa na rubuce. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zai yi hijira ya bar Sayyidina Aliyu a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyarsu. Saboda haka matafiyi ya rubuta sunan bankinsa da lambar asusunsa, da bashin da ake binsa da wanda yake bi, da kuɗin wasu da ke hannunsa, ya sa shaidu biyu adilai, ya ajiye a wurin wanda ya yarda da shi. Lambar sirri kuwa ba ta shiga wannan takarda.

Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

Wannan gargaɗi ya fi shafar ƙasar da muke magana a kanta. Sanannen abu ne cewa masu garkuwa da mutane suna da masu kai musu rahoto a cikin gari, waɗanda jama'a ke kira infoma. Gidan da aka san ana turo masa kuɗi daga waje ya zama abin hari. Saboda haka a daina shelar abin da aka turo a majalisa da wurin mai shayi, a daina nuna saƙon banki a waya. Mai aikawa ya riƙa turo abin da zai ishi hidima kaɗan-kaɗan, zuwa asusun mahaifiya ko matar gida da sunanta, su cira a wurin mai POS da suka amince da shi, sauran ya zauna a asusunsa. Ya kuma tanadar musu hatsi da ɗan abin hannu, don abin da ya faru a 2021 da aka katse waya, da ƙarancin takardun naira na farkon 2023, sun nuna cewa akwai ranar da kuɗi na banki amma hannu ba ya kai musu.

Kada a ba kowa lambar sirri ko lambar da banki ke turowa ta waya, ko da ya ce daga banki yake kira. Layin wayar da aka yi rajistar asusu da shi a kula da shi, domin layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. Kada kuma mutum ya ara wa wani asusunsa a zuba kuɗin da bai san asalinsu ba. In kuɗin fansa ne ko na sata, sunansa hukuma za ta gani, kuma a wurin Allah ya taimaka a kan zunubi da ƙetare iyaka, abin da aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana.

Kira Ga Masu Iko

Muna kira ga bankuna, musamman waɗanda ba su mu'amala da ruwa, su matso da rassa da wakilai kusa da mutanen karkara, su kuma riƙa bayani da Hausa, a rubuce da boko da ajami. Muna kira ga Masarautar Birnin Gwari da limamai da malaman zaure su wayar da kan jama'a a kan rubuta amana da wasiyya, su karantar da babin wadi'a da rance da canji da misalan wannan zamani. Ofisoshin jakadancinmu kuma su sauƙaƙa wa talaka sabunta fasfo, domin da shi ake buɗe sauran ƙofofin.

Ku kuma 'yan'uwanmu da ke nesa, kun bar gida ne domin ku rufa wa iyaye da iyali asiri. Kada ku bari abin da kuka sha rana kuka tara ya zama sanadin gaba tsakaninku da 'yan'uwanku, ko ya jawo wa wani halaka a hanya. Ku ajiye da sunanku, ku rubuta, ku nisanci riba, ku fitar da haƙƙin Allah, ku kama bakinku.

Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya mayar da su gida lafiya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan fitina, Ya ba ƙasar Birnin Gwari da Nijeriya baki ɗaya dawwamammen zaman lafiya, Ya azurta mu da halal mai albarka. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.